Katakon rufina ya ruɓe, ko inshora za ta biya?

Tambaya: Assalamu alaikum. Gidana ya haura shekara 30, kuma a daminar bana silin ya fara yoyo. Kafinta ya hau ya tarar gara ta cinye katakon da ke ƙarƙashin kwano, wani ma ya ruɓe. Ina biyan inshorar gida duk shekara. Shin za su ɗauki nauyin gyaran? Daga wani mai karatu a Kaduna.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Gaskiya da wuya su biya. Inshorar gida an gina ta ne a kan asarar da ta auku farat ɗaya, kamar gobara ko guguwar da ta yaye kwano, amma lalacewar da ke zuwa a hankali, irin ta tsufa da ruɓewa da cin gara, yawancin yarjejeniyoyi sun cire ta ƙarara, domin ana ɗaukarta a matsayin kulawar da ke wuyan mai gida.

Inda ake yawan jayayya shi ne idan iska ta kwashe rufin da katakonsa ya riga ya ruɓe, saboda jami'in da zai ƙiyasta asarar yana iya cewa ruɓewar ce sanadi, ba iskar ba. Don haka ka karanta sashen abubuwan da aka keɓe a takardarka, ka ɗauki hotuna kafin gyara, ka adana rasitai. Idan kana ganin an danne maka haƙƙi, hukumar NAICOM, mai kula da harkar inshora a Najeriya, tana karɓar ƙorafi.