Na Sauya Biza, Ina Makomar Asusuna na Banki?

Wasiƙun da suka iso mana a wannan karon sun fito ne daga mazauna ƙasashen waje waɗanda matsayin zamansu ya sauya, ko yake shirin sauyawa, kuma hankalinsu ya koma kan kuɗinsu da ke banki. Mun zaɓi biyar.

Tambaya: Na shigo Birtaniya da bizar karatu, da ita na buɗe asusu. Yanzu na samu aiki, na kuma shigar da takardun neman bizar ma'aikata, amma tsohuwar za ta ƙare kafin sabuwar ta fito. Banki zai rufe mini asusu? Dole ne in sanar da su? (Wata mai karatu daga Birtaniya)

Amsa: 'Yar'uwa, Allah ya sanya alheri a aikin. Kwantar da hankalinki, sauya nau'in biza shi kaɗai ba ya rufe asusu. Abin da banki yake riƙe da shi shi ne bayanan da kika ba shi ranar da kika buɗe: fasfo, takardar izinin zama da ranar ƙarewarta, adireshi, sana'a, da inda kuɗinki ke fitowa. Ƙa'idojin yaƙi da halasta kuɗin haram, waɗanda hukumar ƙasa da ƙasa mai suna FATF ta shimfiɗa wa ƙasashe tun bayan kafa ta a 1989, sun wajabta wa bankuna su riƙa sabunta waɗannan bayanai. Matsala tana tasowa ne ranar da abin da ke cikin kwamfutarsu ya saɓa da halin da kike ciki. A rubuce ke ɗaliba ce mai karɓar kuɗin kashewa daga gida, sai ga albashi yana faɗowa duk wata daga wani kamfani. Na'ura ce za ta fara lura da wannan, ba mutum ba, kuma ita ba ta san kin gama makaranta ba.

Game da tazarar da ke tsakanin bizojin biyu, dokar Birtaniya tana gefenki muddin kin shigar da buƙatar kafin tsohuwar ta ƙare. Sashe na 3C na dokar shige da fice ta 1971 yana tsawaita izinin zamanki har a yanke hukunci. Gaskiya ne dokar shige da fice ta 2016 ta sa bankuna su riƙa gwada sunayen masu asusu da jerin da ma'aikatar cikin gida ke ba su, amma jerin na waɗanda ba su da izinin zama ne, kuma ke ba kya cikinsu. Ajiye saƙon da ya tabbatar an karɓi buƙatarki, wanda ke ɗauke da kwanan wata da lambar buƙatar, domin shi ne hujjarki idan banki ya tambaya. Da zarar sabuwar bizar ta fito, shiga shafin gwamnati ki ciro lambar tabbatar da matsayi, wadda ke aiki na kwana 90, ki ba bankin tare da wasiƙar ɗaukar aiki. Kada ki dogara da tsohon katin izinin zama na roba, an maye gurbinsa da bizar intanet, kuma yawancin katunan sun ƙare ne ranar 31 ga Disamba, 2024. Ki tambaya kuma ko asusun na ɗalibai ne, domin irinsa akan mayar da shi na gama-gari, sharuɗɗansa su canza.

Tambaya: Ina aiki a Dubai, zan koma wani kamfani. Za a soke bizata ta yanzu sannan sabon kamfanin ya yi mini wata. Akwai sauran rancen mota a kaina da katin bashi, duk a bankin da albashina ke shiga. Abokan aiki sun ce za a daskarar da asusun. Haka ne? (Wani mai karatu daga Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa)

Amsa: Malam, abokan aikinka ba su yi ƙarya ba, kuma cikin wasiƙun nan taka ce ta fi buƙatar shiri. Abin da ke jawo daskarewar galibi ba soke bizar ba ne, kuɗin ƙarshe ne. Idan kamfani ya tura albashin ƙarshe da kuɗin sallama, yakan sa musu alamar da ke nuna cewa na ƙarshe ne. Banki yana ganin alamar ya san hanyar da yake cire bashinsa ta toshe, kuma takardar rancen da ka sa wa hannu yawanci ta ba shi ikon riƙe kuɗin sallamar har ya tabbatar kana da wani aikin. Wanda babu bashi a kansa sau da yawa ba ya ganin komai. Mai rance da katin bashi kuwa yana iya wayar gari ya sa kati a na'ura ta ƙi ba shi ko dirhami ɗaya.

Don haka ka riga su. Tun kafin a soke bizar, je reshe da ƙafarka ka nemi takardar da ke nuna jimillar abin da ake bin ka. Tafi da wasiƙar tayin aiki ta sabon kamfanin mai ɗauke da adadin albashi, ka kuma nemi kamfanin ya rubuta wa bankin cewa albashinka zai ci gaba da shiga asusun. Tambayi ma'aikacin kai tsaye: idan kuɗin sallama ya shigo za ku riƙe shi, kuma waɗanne takardu za su sa ku sake shi? Ka roƙa a aiko maka amsar ta imel, maganar baki ba ta da amfani ranar da ka dawo ka tarar da wani ma'aikacin a kan kujerar. Idan da hali ka biya katin bashin gaba ɗaya ka rufe shi, ka karɓi takardar shaidar rufewa, domin ko ba ka ci komai a kansa ba wasu bankunan suna lissafa iyakar kuɗin katin a matsayin abin da za ka iya ci.

Ware kuɗin kashewa na aƙalla wata biyu a wani wurin da ba wannan bankin ba. Wannan ba gudun bashi ba ne, ka ci gaba da biyan kason wata-wata a kan lokaci. Sai ka duba cakin kuɗin hayar gida da ka rubuta da kwanan wata na gaba. A nan gizo ke saƙar: idan ranar cakin ta zo asusu yana daskare, cakin zai dawo. Tun watan Janairun 2022 dawowar caki saboda ƙarancin kuɗi ta daina zama laifin ɗauri a mafi yawan lokuta, amma wanda ka ba cakin yana iya kai shi kotu kai tsaye a tilasta maka biya. Yi magana da mai gidan tun da wuri ku canza ranar ko hanyar biya.

Lambar katinka na shaida, mai lamba 15 da ke farawa da 784, ba ta canzawa, ranar ƙarewa ce ke canzawa. Sabon katin yana fitowa ka ɗora shi a manhajar banki, ka kuma sabunta shi a kamfanin layin wayarka. Mutane suna mantawa da na biyun, alhali layin yana rataye ne da katin. Idan aka dakatar da layin, lambar sirrin da banki ke turowa ta saƙo ba za ta iso ka ba, kuɗinka yana nan amma ba ka da hanyar taɓa shi. Mazauna Saudiyya su ma su kula da wannan: lambar iƙama ba ta canzawa idan an sauya kafili, amma iƙamar da ta ƙare ba a sabunta ba tana kai ga daskarar da asusu.

Tambaya: Na zo Jamus karatu da kuɗi a asusun da ake kullewa. Na samu izinin aiki, akwai sauran kuɗi a ciki, amma sun ƙi sakar mini. Me zan yi? (Wani mai karatu daga Jamus)

Amsa: Ba za su saka ba da umarninka kaɗai, ɗan'uwa, domin kullen ba don kai aka yi shi ba, an yi shi ne don hukuma ta tabbatar kana da abin rayuwa. Shi ya sa daga cikin Yuro 11,904 da ake nema na shekara tun watan Satumban 2024, Yuro 992 kawai ake sakar wa ɗalibi a wata. Mabuɗin yana hannun ofishin kula da baƙi na garin da kake. Kai musu sabon izininka ka nemi wasiƙar ɗage kulle, ka tura wa kamfanin da ke riƙe da kuɗin tare da lambar asusunka na yau da kullum, wanda shi wannan sauyi bai shafe shi ba. Idan har yanzu takardar wucin gadi ce a hannunka, wadda suke kira Fiktionsbescheinigung, kai wa bankinka kwafinta don kada ya ɗauka izininka ya ƙare.

Tambaya: Na koma bizar aiki ta H-1B daga bizar karatu ta F-1 a Amurka. Banki bai tambaye ni komai ba. In bar shi haka? (Wata mai karatu daga Amurka)

Amsa: A'a, Malama. Asusunki ba ya cikin haɗari, amma matsayinki a wajen haraji yana sauyawa. Ɗalibi mai F-1 ba a ƙirga masa kwanakin zamansa na shekara biyar na farko, don haka yawanci fom ɗin W-8BEN yake cikewa a matsayin baƙo. Da kin koma H-1B an fara ƙirga kwanaki, kuma idan lissafin ya kai 183 (duk kwanakin bana, da kashi ɗaya cikin uku na bara, da ɗaya cikin shida na bara waccan) kin zama mazauniya a idon hukumar haraji. Daga nan fom ɗin W-9 ya kamata ya kasance a banki, da lambarki ta Social Security. Shi kansa W-8BEN ya ce a sanar cikin kwana 30 idan bayanan da ke cikinsa sun daina zama daidai. Ribar ajiya da a da ba a karɓar haraji a kanta yanzu za ta shiga lissafinki. Sannan idan kuɗin da kike da shi a asusun ƙasashen waje, a haɗe, ya wuce dala 10,000 ko da na rana ɗaya ne a shekara, sai kin bayar da rahoton da ake kira FBAR.

Tambaya: Izinin zamana ya ƙare, zan bar ƙasar, amma zan riƙa dawowa da bizar ziyara. Ina so in riƙe asusuna. Wani ya ce in yi shiru kawai in sa adireshin abokina. Ya kuka gani? (Wani mai karatu)

Amsa: Ba mu ba ka wannan shawarar ba, Malam. Shirun yana tafiya ne har ranar da banki ya nemi sabuwar takardar zama, kai kuma kana wata ƙasa ba ka da ita. A lokacin za a kulle asusun, wataƙila kuma a ce sai ka zo da kanka. Ga kuma batun haraji: ƙarƙashin tsarin musayar bayanai da ƙungiyar haɗin kan tattalin arziki ta OECD ta fitar a 2014, wanda ƙasashe fiye da 100 ke bi, banki yana tambayar ƙasar da kake biyan haraji, kuma ba da amsar ƙarya a takardar laifi ne a wurare da dama.

Tambayi bankin ko yana da asusun waɗanda ba mazauna ba. Wasu suna mayar da asusun zuwa irin wannan da lambarsa yadda take, wasu sai an rufe an buɗe sabo, wasu kuma ba sa yi sam. Yawanci asusun ajiya ne kawai, babu caki, babu katin bashi, kuma kuɗin da za ka bari a ciki ya fi na mazauna yawa. Idan sun amince, ba su adireshinka na gaskiya da lambar harajin ƙasar da za ka koma, ka gwada ko lambar sirri tana isa layin ƙasar waje tun kana nan, ka duba ranar ƙarewar katinka da ko suna aika sabo ƙetare. Ka riƙa motsa asusun da kanka duk bayan 'yan watanni, domin wanda aka daɗe ba a taɓa ba ana sa shi cikin na barci, kuma cire cajin da banki ke yi ba ya shiga lissafin motsi.

Idan sun ƙi, rufe shi da hannunka kafin ka tafi. Jira kuɗin da kake tsammani su shigo, kamar ajiyar haya da rarar haraji, soke duk wani biya mai fita da kansa, sauke bayanan shige da ficen kuɗi na aƙalla shekara biyu, domin bankin da za ka tura wa kuɗin zai tambayi asalinsu, sannan ka karɓi takardar rufewa. Kada ka bar wa kowa katin da lambar sirri da sunan ya riƙe maka. A Japan, misali, miƙa wa wani asusunka ko sayar da shi laifi ne da doka ta tanadi hukunci a kansa, kuma a ko'ina duk kuɗin da ya bi ta cikin asusun da sunanka ya bi.