Amsar Baffa kan ɗan teburin da kake son haɗawa

Wa alaikumus salam ɗana, saƙonka ya iso, na kuma ga zanen da ka turo. Kace kana so ka haɗa ɗan teburin rubutu na katako da hannunka, irin wanda zaka ninke ka ɗauka duk inda zaka, sai Gwaggonka tace mu gidan malamai ne ba masassaƙa ba, shine kake tambaya ko da gaske al'ada ta hana, kuma ko zaka iya ɗora Alƙur'ani a kai.

Toh Gwaggonka bata yi ƙarya ba, sai dai rabin zancen ta faɗa maka. A da sana'a gado ce, ɗan maƙeri shi ke zama bakin zuga-zugi, ɗan mahauci shi ke fawa, masassaƙi ma haka. Shi masassaƙi daji yake shiga da gatari da gizago, ya kada itace, ya fafe turmi ko akushi ko kujerar mata ko ƙotar fartanya daga gungume ɗaya ba ƙusa ba gam, kuma suna da sirrinsu na wace bishiya ake sara wace ce ba'a taɓawa saboda mutanen ɓoye, shi yasa bare baya kutsa kai haka kawai. Amma abinda kake son yi ai ba sassaƙa bane, aikin kafinta ne, katako yankakke da zarto da sukuru, wannan kuwa bayan zuwan Turawa ya yaɗu a ƙasar nan, makarantar Baturen nan da ake kira Ɗan Hausa da aka buɗe a Nasarawa ta Kano a 1909 ma har da ɓangaren koyon sana'ar hannu a ciki. Babu gidan da zai ce shi kaɗai ya gaji zarto. In kuma ta ƙi yarda ka tuna mata cikin ladabi cewa ya zo a Sahihu Muslim Annabi Zakariyya, alaihis salam, kafinta ne.

Kakanka Allah ya jiƙansa har ya koma ga Mahaliccinsa bai mallaki tebur ba. Buzu zai shimfiɗa ya zauna, ya kafa allo a cinya, kurtun tawada a gefe, alƙalamin gamba a hannu, tawadar ma a gida ake dafa ta da ƙaro. Takardunsa ba ɗinkakku bane, warwara suke cikin tadarishi, wato bangon da ake rufe su dashi, tadarishin cikin gafaka, jakar fata, in tafiya ta kama ya rataya a kafaɗa shikenan. Allon kuma na aduwa aka fi so don yana da santsi kuma yana jure wanki yau da gobe. Kaga kenan kayan rubutun da ake ɗauka a tafi dasu ba baƙon abu bane a gidanmu, kai dai ƙafafu zaka ƙara masa.

Inda al'ada take da magana da gaske shine girmama rubutun. Abinda aka ɗora Alƙur'ani a kai ba'a zama a kansa, ba'a tsallaka shi, ba'a miƙe masa ƙafa, ba'a aje shi wajen takalma, kuma ba'a ɗora komai a saman Alƙur'ani ko da wani littafin ne. To a zanenka naga ka yi aljihu a ƙarƙashin murfi, nan ne nake so ka kula. In ka sa Alƙur'ani a ciki ka rufe, sannan ka ɗora waya da kofin shayi a saman murfin, ko ƙanenka ya zo ya maida shi kujera, kaga an samu matsala. Aljihun ka barshi na biro da takarda da caja, Alƙur'ani in zaka karanta ka ɗora shi a sama, in ka gama ka maida shi jakarsa.

Sai aikin kansa. Tunda a tabarma zaka riƙa zama, kada tsayinsa ya wuce kamu ɗaya da 'yan yatsu, ka zauna ka tanƙwashe ƙafa ka gwada da kwali kafin ka yanka komai, cinyarka ta shige ƙarƙashi ba tare da ka ɗaga kafaɗa ba. Murfin ka ɗan karkato shi wajenka, ka manna siririn katako a bakinsa na ƙasa don kar takarda ta zame. Ƙirya kada ma ka fara, ta turmi ce, nauyinta zai sa ka jingine teburin a lungu ka manta dashi. Maɗaci yana da kyau in an goge shi kuma yana da ƙwari, in kuɗin bai kai ba malaina ta isa, bata da nauyi kuma tana da sauƙin yanka ga mai koyo. Abinda yafi komai dai katakon ya zama busasshe, don ɗanye in ka haɗa shi da damina zaka ga yayi kyau, hunturu na busawa sai ya murɗe ya tsage, murfin ya ƙi rufuwa. Siririn katako kuma ba'a buga masa ƙusa kai tsaye, huda shi zakayi tukuna ka sa gam ka ɗaura sukuru. Ka goge da samfefa sosai musamman kusurwoyi saboda riga, fenti mai ƙyalli ni ban so shi ba, gara ka shafa mai sama-sama a ga jikin itacen.

Ranar da zaka 'Yan Katako na Na'ibawa ka tafi da wani kafintan unguwa ya zaɓar maka, ka tambayi ragowar yanka don abinda kake buƙata bai kai falanki guda ba. Ka gaida Mamanka da Gwaggon taka, in ka gama ka turo min hoto.