Sabuwar salula, tsohon sim: ina lambobina, kuma mene ne wannan E ɗin?

Tambaya: Malam, ɗana ya aiko mini da babbar salula daga Yamai. Na ciro sim daga ƙaramar Itel ɗina, sai ya ƙi shiga, wai ya yi girma. Wani yaro ya ce zai rage mini shi da almakashi. In ba shi? Daga wata Hajiya a unguwar Birni.

Hajiya, kada ki ba shi tukuna. Sim, wanda da yawanmu a nan Damagaram muke ce wa pus, girma uku ne ake yawo da su: babba mai milimita 25 da 15, matsakaici mai 15 da 12, sai ɗan ƙaramin da ake kira nano, 12.3 da 8.8, shi ne sababbin wayoyi suke karɓa. Duba naki da kyau a haske. Idan akwai tsaga kewaye da ƙarfen zinaren nan, to dama an fitar da shi da girman uku, ki tura tsakiyar da ɗan yatsa zai fito. Idan kuwa tsohon yayi ne da ba shi da tsaga, ki ɗauki katin ɗan ƙasa ki je ofishin kamfanin su sake miki wani. Lambarki ba za ta canza ba. Na ga sim da yawa da aka yanke suka yi aiki, na kuma ga waɗanda almakashi ya ci gefen ƙarfen suka mutu. Ga shi nano ya fi tsohon siranta, yankakke yakan cije a cikin ɗan faifan da ake ɗora shi, a zo ciro shi a lanƙwasa haƙoran wayar. Wajen buɗe faifan kuma, da ɗan tsinken da ya zo cikin kwali za a yi, a kula kada a soka shi ramin makirfo, don sun yi kama.

Tambaya: Na mai da sim ɗina cikin sabuwar Tecno, amma rabin lambobin mutanena babu, hirarrakin WhatsApp ma babu ko ɗaya. Kuɗin da ke cikin layin fa, suna nan? Daga wani mai sayar da atamfa a kasuwar Dole.

Alhaji, kwantar da hankalinka, kuɗinka suna nan. Kiredi da forfe, wato kunshin kira ko intanet da ka saya, da kuɗin Airtel Money ko Moov Money duk a rumbun kamfani suke, an rubuta su da lambarka. Sim mabuɗi ne kawai da yake shaida wa kamfani cewa kai ne. Cikinsa ƙarami ne ƙwarai, galibi lambobi wajen 250 yake ɗauka, su ma suna da lamba ɗaya ɗaya, ba hoto. Waɗanda ka rasa suna cikin ƙwaƙwalwar tsohuwar wayar. In tana hannunka, ka haɗa lambobin da adireshinka na Gmail, sannan ka buɗe adireshin nan a sabuwar, za su sauko da kansu. WhatsApp ma haka: ka koma tsohuwar ka yi ajiyar hirarraki a Google Drive, sannan ka buɗe shi a sabuwar da lambarka, za a turo maka lambobi 6 ta saƙo. Lambobin nan ko ɗan cikinka ne kada ka karanta masa ta waya, da su ake sace WhatsApp ɗin mutane. Saboda haka nake cewa kada a sayar da tsohuwar waya ranar da aka sayi sabuwa, a bar ta ta kwana biyu a gida.

Idan wayar ta nemi PIN kuma ka manta, kada ka yi ta cinke. Kuskure 3 sim ya kulle, sai da PUK mai lambobi 8 da ke jikin babban katin da sim ya zo a ciki. Shi kuma kuskure 10 ya kashe sim ɗin ɗungum.

Tambaya: A gida sandunan rizo, wato sabis, cike suke amma ko hoto ba ya buɗewa, ga wani E a gefe. In na shigo cikin gari sanda biyu kawai nake gani da 4G, amma bidiyo yana tafiya. Wayar ce ba ta da kyau? Daga wani malamin makaranta a wani ƙauye bayan Miriya.

Malam, lafiyar wayarka lau. Abu biyu ne a saman allon, mu kuma idonmu ya saba da kallon ɗaya. Sanduna suna gaya maka ƙarfin muryar eriya ne a inda kake tsaye. Harafin da ke gefe shi ke gaya maka irin hanyar da aka ɗora ka. G shi ne mafi tsufa, da ƙyar yake kai saƙon rubutu. E ɗan'uwansa ne, dukansu 2G ne, kuma ko a takarda saurin E bai kai rabin megabit a daƙiƙa ba. H da H+ duk 3G ne da aka ƙara wa ƙarfi. H+ a takarda yana kai megabit 21 zuwa 42. 4G da LTE abu guda ne, kowace waya da sunan da ta zaɓa, 4G+ kuma yana nufin wayar ta haɗa hanyoyin 4G biyu ko fiye lokaci guda. Amalanke ko a kan kwalta mai santsi yake, ba zai riga mota isa Yamai ba, ko da motar a kan burji take. Sanda biyu da 4G sun fi sanda huɗu da E nesa ba kusa ba.

Su kansu sandunan ba mudu ɗaya ake auna su da shi ba. Ajiye Samsung da Infinix a tabarma guda, da sim na kamfani guda, wata ta nuna uku wata huɗu. Mai son gaskiyar magana ya shiga saituna, wajen bayanin waya, ya duba halin sim, zai ga lamba da dBm a gabanta. A 4G, kusa da -80 rizo mai kyau ne, in ta kai -110 ana dab da yankewa. Da wannan lambar za ka zagaya gidanka ka gano kusurwar da ta fi, ba sai ka hau katanga kana ɗaga hannu ba.

Akwai kuma abin da harafi da sanduna duk ba sa nunawa, wato cunkoso. Eriya ɗaya ce jama'a suke rabawa, shi ya sa bayan sallar isha'i, kowa ya kishingiɗa da waya, za ka ga 4G cike amma abu yana ta juyawa. Da asuba gwada, ka sha mamaki.

In kuwa har a tsakiyar Damagaram E ko H kake gani bayan canza waya, ga inda nake fara dubawa. Nau'in rizo a saituna, wataƙila an bar shi a 2G ko 3G kaɗai. Sannan a waya mai sim biyu, wanne aka ba intanet. Wasu tsofaffin wayoyi ma rami ɗaya ne kawai yake ɗaukar 4G. Sai shekarun sim ɗin, don wanda aka saya tun kafin zuwan 4G yakan buƙaci a sake shi. Idan harafin ma bai fito ba sam, saitin APN ne, wato saitin da ke haɗa waya da intanet ɗin kamfani, bai shiga ba, kamfani zai turo maka. Kuma in ka ga 4G ta koma H ko E daidai lokacin da kake kira, ba lalacewa ba ce: inda babu VoLTE, wato kiran murya ta kan 4G, wayar takan sauka tsohuwar hanya ta ɗauki murya, ta hau in an gama.

Tambaya: Ina zuwa cin kasuwa wajen Magarya da Matamaye. Wani lokaci sai in ga R a kan sanduna, kiredina kuma ya yi ta zurarewa, alhali ban tsallaka ba. Daga wani direba.

Ɗan'uwa, iskar rizo ba ta san iyaka ba. R yana nufin wayarka ta bar eriyar kamfaninka ta kama ta wani, a wajenku kuwa ta Najeriya ce, inda ta fi ƙarfi. Daga nan kuɗin baƙo ake cajinka, har amsa kira yakan iya ci. Sabuwar waya tana zuwa ne da zaɓin rizo na kai tsaye. Shiga saituna ka mai da shi na hannu, ka zaɓi kamfaninka da kanka, ko Airtel ne, ko Moov, ko Zamani, ko Niger Telecom, ka kuma kashe intanet na yawo, wanda wayoyin Faransanci suke rubuta itinérance. Ranar da za ka shiga Daura ko Kano da gaske sai ka mayar.

Tambaya: An kawo mini iPhone daga Amurka, na juya ta ko'ina ban ga ramin sim ba. Daga wata ɗaliba a jami'ar Damagaram.

Ƙanwata, ba idonki ba ne. Tun daga iPhone 14 a 2022, waɗanda aka yi don kasuwar Amurka ba su da rami, sai eSIM, wato sim da ake saukewa cikin wayar ta hanyar ɗaukar hoton wata alama. Je ki ofishin kamfaninki da wayar da katin ɗan ƙasa ki tambaya ko za su mai da lambarki eSIM. Kafin ki tafi, duba cikin bayanin wayar ko a ɗaure take da wani kamfanin can, don in a ɗaure take, sai wanda ya aiko ta ya sa sun kwance ta daga can.