Amsa ga Hajiya kan sauya wa yaro makaranta bayan BEPC

Hajiya, kin tambaya ko ki bar ɗanki a tsarin karatunmu na Nijar ne bayan ya samu BEPC, wato takardar shaidar kammala ƙaramar sakandare, ko ki mai da shi makarantar da ke bin tsarin Faransa. Na yi shekaru ina koyar da lissafi a lise (babbar sakandare) nan Yamai, kuma na koyar da yaran tsarin biyu a gida, shi ya sa nake ganin babban bambancin yana wajen yadda ake auna yaro.

A wurinmu, bakaloriya, wato shaidar kammala lise, ta rataya ne a kan kwanakin jarrabawa. Ɗalibi ya zaɓi sashen A, C ko D, a ba shi maki bisa 20, a ninka kowane darasi gwargwadon nauyinsa, sannan a duba ko ya kai 10. Na taɓa samun ɗaliba a sashen D wadda ba ta sauka ƙasa da 14 ba duk shekara, amma zazzaɓin cizon sauro ya kama ta ranar lissafi, ta rubuta hannunta na rawa, sai a zagaye na biyu ta tsira da ƙyar. Har yau abin yana yi mini ciwo. Duk da haka tsarin yana horar da yaro ya riƙe karatu mai yawa a kai, ya kuma jure matsi.

Faransa kuwa ta soke waɗannan sassa, kuma tun 2021 kashi 40 cikin 100 na makin bakaloriyarta daga aikin aji na shekaru biyun ƙarshe yake fitowa, ga kuma babbar jarrabawar baka inda yaro zai tsaya gaban malamai ya kare ra'ayinsa. Yaron da ya saba yin sakaci sai jarrabawa ta matso ya raba dare yana hadda, wannan tsari zai tona shi tun watannin farko. Sai dai ki sani, tarihin da zai karanta na Turai ne galibi. Ba a can zai ji labarin Sarauniya Mangu ko tawayen Kawusan ba, wannan sai ku cike masa a gida.

Shawarata, idan Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai kuke nufa da shi, ki bar shi inda yake, ki sa kuɗin a littattafai da malamin gida. Idan kuma kun ƙudurta zai fita waje, to a sauya yanzu a ajin farko na lise, kada a bari sai ya shiga na biyu, domin a aji na biyun ake fara lissafa makin.