Dalilin da ya sa hanyar Bray ba ta yi maka aiki ba

Ɗana, ka tambaye ni dalilin da ya sa na hana ka rubuta sakamakon baƙar lakar nan da aka kawo daga yankin Tafkin Chadi, alhali ka bi hanyar Bray ta auna fosfaras (sinadarin da shuka ke ci a ƙasa) daki-daki, kuma na'ura ta nuna maka kusan babu fosfaras a cikinta. Hannunka bai yi kuskure ba, hanyar ce ba ta dace da wannan ƙasa ba.

Ka tuna da na ɗiga wa samfurin asid a faranti, nan take ya yi ta kumfa yana tsuwa. Wannan kumfar ita ce shaidar cewa akwai farar ƙasa a ciki, wato kalsiyam kabonet. Ruwan da Bray da Kurtz suka haɗa a Amurka a 1945 asid ne mai rauni, kuma farar ƙasa tana kashe shi kamar yadda kanwa ke kashe tsamin miya, tun kafin ya kai ga fosfaras ɗin. A yawancin gonakin Arewa, inda ƙasa ke da ɗan tsami, hanyar tana aiki lafiya, shi ya sa muka saba da ita har muke mantawa tana da iyaka.

Irin wannan ƙasa, hanyar Olsen ta 1954 ake yi mata. Bayan ka busar da samfurin a inuwa, ka tankaɗe shi da rariya mai ido milimita 2, sai ka auni giram 2.5 ka zuba masa mililita 50 na ruwan sodiyam baikabonet mai ƙarfin mola 0.5, wanda aka daidaita pH ɗinsa (ma'aunin tsami) a kan 8.5, ka girgiza minti 30 cif, sannan ka tace. Baikabonet, wanda ɗan'uwan kanwar kasuwa ne, yana kwantar da kalsiyam, shi kuwa fosfaras ya samu sakewa ya shiga ruwa. Kada ka raina zafin ɗaki, domin ruwan da ya ɗumama da rana a watan Afrilu yakan janyo fosfaras fiye da na sanyin hunturu. A kusa da digiri 25 ake so a yi aikin.

Wurin fito da shuɗin launin da na'ura ke auna fosfaras da shi ne masu gaggawa ke ɓata aiki. Idan asid ya haɗu da tataccen ruwan, kumfa takan taso har bakin kwalba, don haka ka zuba kaɗan-kaɗan, kana juyawa, sai iskar ta gama fita, in ba haka ba ƙwayoyin kumfa za su ruɗi na'ura.

Zinki da ƙarfe kuwa, waɗanda sukan yi wa shuka wuyar samu a irin wannan ƙasa, da ruwan sinadarin DTPA na Lindsay da Norvell na 1978 ake auna su, a pH 7.3, da girgizar awa biyu. Wannan sai jibi. Gobe da sassafe ka haɗa sabon baikabonet, domin wanda ke ajiye a kan kanta ya daɗe, kuma pH ɗinsa yakan hau idan ya sha iska.