Filin Tambayi Likitan Dabbobi: Ƙarin da ke Yaɗuwa da Cutar da ke Shiga Keji

Tambaya: Likita, barka da aiki. Ni mafarauci ne daga ƙasar Ningi, kuma ina da karnuka biyar. Yau kusan wata biyu ke nan wata karyata take ɗigar jini ta gabanta. Da farko na zaci lokacin barbararta ne ya yi, amma da na duba sai na ga wata jar tsoka ta tsiro a wurin, da an taɓa ta sai jini. Yanzu kuma karen da ya bi ta ya fara irin wannan ɗiga. Abokan farautata sun ce ciwon daji ne, ni kuwa na sha jin cewa daji ba ya yaɗuwa. Ina gaskiyar take?

Amsa: Malam, kai da abokanka duk kuna da gaskiya. A bisa ƙa'ida ciwon daji ba ya tashi daga jikin wannan ya koma jikin wancan, domin ƙwayoyin jikin mai shi ne suke sangarcewa su riƙa hayayyafa ba tare da birki ba, kuma da za su faɗa jikin wani, garkuwar jikinsa za ta gane su baƙi ne ta hallaka su. Sai dai akwai 'yan tsirarun cututtukan da suka saɓa wa wannan ƙa'ida, kuma bayanin da ka yi ya dace da mafi shahara a cikinsu, wato ƙarin al'aurar karnuka da ake ɗauka ta hanyar barbara.

Abin da ke wucewa daga kare zuwa kare a wannan cuta ba bairas ba ne, ba kuma bakteriya ba. Ƙwayoyin ƙarin ne da kansu, da ransu, suke ɓantarewa a lokacin saduwa su manne a fatar ɗayan, su ci gaba da girma kamar yadda kauci yake kama reshen bishiyar da ba tasa ba. Wani likitan dabbobi ɗan ƙasar Rasha mai suna Nobinski ne ya fara nuna a 1876 cewa ana iya dasa wannan ƙari daga wani kare zuwa wani, kuma binciken zamani ya tabbatar da cewa duk irin wannan ƙari da ke jikin karnukan duniya a yau asalinsa daga jikin kare ɗaya ne da ya rayu dubban shekaru da suka wuce. Ke nan tsokar da ka gani a jikin karyarka ba naman jikinta ba ne, ragowar jikin wani kare ne da ya daɗe da zama ƙasa. Na daɗe a wannan aiki, amma har yau wannan al'amari bai daina ba ni mamaki ba.

Da yake karnuka suna shinshina da lasar juna, wani lokaci ƙarin yakan fito a hanci ko a baki, sai a ga kare yana atishawa da jini a rasa dalili. Saboda haka ka duba sauran ukun da kyau, har da hancinsu, kuma ka ware biyun nan daga yau.

Labari mai daɗi shi ne, wannan yana cikin nau'o'in dajin da suka fi jin magani. Akwai allurar da ake kira binkiristin, wadda ake yi ta jijiya sau ɗaya a mako, galibi na tsawon mako huɗu zuwa shida, kuma mafi yawan karnuka suna warkewa sarai, har ma akan ga jinin ya tsaya tun bayan allura ta biyu. Amma ina gargaɗinka da babbar murya kada ka bari wani mai shagon magani ya yi maka ita a gida, domin idan ta kuskure jijiya ta zuba a cikin nama, wurin yakan ruɓe ya zama gyambo mai wuyar warkewa. Yanka kaɗai kuma ba ya wadatarwa, don sau da yawa ƙarin yakan dawo. Cutar ba ta kama mutum, amma ka sa safar hannu idan za ka wanke musu wurin.

Tun da mun zo nan, ya kamata in ambaci 'yar'uwar wannan cuta da ta fi ta muni. A tsibirin Tasmaniya da ke kudu da Ostareliya akwai wata baƙar dabba mai girman ƙaramin kare, wadda Turawa suka laƙaba wa sunan shaiɗanin Tasmaniya saboda munin kururuwarta. A 1996 aka fara ganin wani ƙari yana cin fuskokinsu, yana yaɗuwa ta hanyar cizon da suke yi wa juna wajen cin mushe da barbara, har ya hana dabba cin abinci ta mutu cikin 'yan watanni. Ya kashe mafi yawansu a yankunan da ya shiga, har sai da hukumomi suka kwashi masu lafiya suka killace su a gidajen namun daji da wani tsibiri na daban don kada irin ya ƙare.

Tambaya: Likita, ni mai kiwon kajin ƙwai ce a Zariya. Kajina sun kai mako goma sha shida, sai wasu suka fara shanyewar ƙafa, kaza ta kwanta ƙafa ɗaya a gaba ɗaya a baya. Da muka yanka guda biyu sai muka tarar da hantarsu ta kumbura da fararen ƙulli-ƙulli. Na ba su magunguna iri uku a ruwa, amma babu sauƙi.

Amsa: Hajiya, ki dakatar da sayen magani haka nan, domin idan abin da nake zato ne, babu maganin da za a zuba a ruwa ya warkar da shi. Wannan kwanciya ta ƙafa ɗaya gaba ɗaya baya, haɗe da ƙulli a hanta a daidai wannan shekaru, alamu ne na cutar Marek, wadda aka sa wa sunan likitan ƙasar Hangari da ya fara bayaninta a 1907. Bambancinta da ciwon karnukan da muka yi magana a kai shi ne, a nan bairas ne yake yaɗuwa, shi kuma ya haddasa ƙarin a jijiyoyi da hanta da saifa. Yana fita ne ta ƙurar gashin kaza, kuma yana iya yin watanni da ransa a cikin ƙurar ɗaki da diddigar katakon da aka shimfiɗa.

Rigakafinta ana yin sa ne a wurin ƙyanƙyasa, ranar da 'yan tsaki suka fito ko ma tun suna cikin ƙwai, don haka yi wa manyan kaji allura yanzu ba zai amfana da komai ba. Ki kai kaza biyu ko uku masu alamun, da ransu, asibitin koyarwa na dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello da ke kusa da ke, domin akwai wata cutar mai kama da ita da ke bi ta ƙwai, kuma sai an feɗe an duba jijiyar cinya da hanta a ɗakin gwaji ake bambance su. Ki fitar da waɗanda suka shanye, kuma nan gaba kada ki zuba sababbin 'yan tsaki a ɗakin da manya suka tashi sai an share ƙurarsa har rufi, an wanke, an bar shi ya huta. Cutar ba ta kama ɗan Adam.

Tambaya: Ni malamin firamare ne. Na kai ɗalibaina gidan zu, sai wani yaro ya tambaye ni ko zaki yana rashin lafiya tun da yake a killace, ba ya cuɗanya da kowa. Na ba shi amsar da ni kaina ban gamsu da ita ba.

Amsa: Malam, ka gaishe mini da wannan yaro. Keji yana hana zaki fita, amma ba ya hana cuta shiga, kuma ƙofofin shigarta sanannu ne: abinci, da mutane, da dabbobin gida da ke kewaye.

Ta fuskar abinci, misalin da likitoci suka fi tunawa shi ne na ƙasar Tailan a 2004, inda aka ciyar da damisoshin Asiya masu zane-zane da ɗanyun kaji a wani gidan namun daji ana tsakiyar annobar murar tsuntsaye, aka yi asarar fiye da 140 daga cikinsu, wasu suka mutu da kansu, wasu aka kashe su don a tsayar da cutar. Wannan ne ya sa ba na goyon bayan al'adar kai wa namun keji mushen saniya ko jakin da ba a san abin da ya kashe shi ba, domin ciwon saifa da tarin fuka na shanu duk suna bi ta nama.

Ta fuskar dabbobin gida kuwa, ba sai mun je nesa ba. Dattawan makiyaya ba su manta da annobar cutar bushiya ta 1983 ba, wadda ta share garkunan shanu a Arewa. A wannan shekarar cutar ta shiga gidan namun daji na Maiduguri ta kashe dabbobi dangin gwanki, ta kuma shiga dajin Yankari ta kashe ɓauna da mugun dawa. An dai yi nasarar kawar da bushiya daga doron ƙasa, aka sanar da haka a 2011, kuma rigakafin da aka yi wa shanu ne ya kawo ƙarshenta har a cikin namun daji. Haka nan a 1994 wata cutar karnuka mai sa majina da farfaɗiya ta kashe zakoki kusan dubu a dajin Serengeti na Tanzaniya, kimanin kashi ɗaya cikin uku na zakokin wurin, kuma ana danganta asalinta da karnukan ƙauyukan da ke gefen dajin.

Mu ma mutane muna kai musu namu. Birai da giwaye suna ɗaukar tarin fuka daga masu kula da su, kuma a watan Afrilun 2020 aka tabbatar da korona a jikin wata damisar Asiya mai zane-zane a gidan zu na Bronx da ke birnin New York. Saboda haka idan ka sake kai yara, ka hana su miƙa wa biri ragowar rake ko biskit ɗin da suka gutsura, domin yawun da ke jiki ya isa.

Game da ƙari, ana yawan ganinsa a dabbobin keji ne musamman saboda suna daɗewa. Zakin dawa da wuya ya wuce shekara goma sha biyar, yunwa ko rauni ko abokan faɗa sun gama da shi, na keji kuwa yana iya haura ashirin, ya kai shekarun da ciwon daji ya fi kama jiki.

Tambaya: Ragon da nake kiwatawa ya yi wani kumburi kamar ƙwan kaza a ƙasan kunne. Daji ne?

Amsa: Da wuya. A tumaki da awaki irin wannan kumburi galibi maruru ne na kaluluwa, wanda wata bakteriya ke kawowa, kuma idan ya nuna akan tarar da mugunya mai kauri kamar cuku a ciki. Kada ka fasa shi a cikin garke, domin mugunyar ce take yaɗa cutar ga sauran, kuma tana daɗewa a ƙasa da jikin kwamin abinci. Ka kai shi wurin ma'aikacin dabbobi ya soka allura ya ga abin da ke ciki tukuna, sannan a tsaga a waje guda, a wanke da aidin, a ƙone audugar da aka yi amfani da ita, ragon kuma ya zauna shi kaɗai har bakin ciwon ya bushe.