Tambaya da Amsa: Daga Gulbi Zuwa Tukunya, Wane Kifi Ya Fi Amfani?

Wasiƙun da suka taru a wannan fili kan cin kifi sun yi yawa, don haka muka zaɓi shida muka amsa su tare.

Tambaya: Assalamu alaikum. Shekarata 54, ina da hawan jini, likita ya ce in rage jan nama in koma kifi. Shin tarwaɗa da karfasan da ake kawo mana daga Goronyo sun wadatar, ko sai na sayi kifin ƙanƙara? (Wani magidanci daga Gawon Nama)

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Ta fuskar gina jiki duka ɗaya suke. Giram 100 na tsokar ɗanyen kifi, na gulbi ne ko na teku, yana ɗauke da furotin wajen giram 17 zuwa 20, kusan daidai da naman sa, amma ba shi da yawan daskararren kitsen nan da ke ƙara wa jijiyoyin jini nauyi. Saboda haka in ka ajiye naman miya ka sa karfasa, ka ci riba tun daga nan.

Bambancin yana wajen mai. Akwai wani nau'in mai da ake kira omega-3, wanda ke rage kitsen da ke yawo cikin jini, yake kuma taimakon zuciya da ƙwaƙwalwa da ido. Kifayen teku masu maiƙo su ne gidansa. Titus da shawa da sadin na gwangwani suna ba da giram 1 zuwa 2 a kowane giram 100. Karfasa da tarwaɗa kuwa da ƙyar suke wuce kashi ɗaya cikin biyar na giram guda. Kada maiƙon tarwaɗar gidan gona ya ruɗe ka. Kitsenta daga abincin da ake zuba mata yake, mafi yawansa kuma ba omega-3 ba ne. Haka ma ayodin da ke hana maƙoƙo da bitamin D sun fi yawa a na teku.

Tsarin da muke ba da shawara shi ne kifi aƙalla sau biyu a mako, kowane ci yanka mai girman tafin hannunka, wato giram 120 zuwa 140, ɗaya daga ciki ya zama titus ko shawa. Sauran kwanakin ka ci na gulbin Rima yadda aljihu ya ba ka dama.

Inda aka fi yin asara shi ne wajen girki. Kifin da aka tsoma cikin man da ya kwana uku ana soya da shi, ya yi baƙi yana kumfa, ya sha man da ya fi nasa yawa, sannan zafin suyar ya rage masa omega-3. Ga mai hawan jini, farfesu ko gashi ko dafawa cikin miya su suka dace. A sa kifin a ƙarshen girki, minti 10 zuwa 15 sun ishi matsakaicin yanka. Da zarar tsokar ta yi fari tana rabuwa da cokali, ya nuna. A kula da gishiri ƙwarai. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babba ya wuce giram 5 a yini, ƙasa da cikin ƙaramin cokali ke nan, kuma dunƙulen miya ma gishiri ne. Farfesun da aka marmasa wa dunƙule huɗu ya kwashe ladan kifin. Citta da tafarnuwa da albasa da daddawa da lemun tsami sun isa su kashe ƙarni su ba da ɗanɗano. Maganin da likita ya rubuta maka kuma yana nan daram, kifi ba ya maye gurbinsa.

Tambaya: Ɗana yana da wata bakwai. Surukata ta ce kada in ba shi kifi sai ya yi haƙora, saboda ƙaya. Koko da nono kawai yake sha, kuma ba ya ƙiba. Me zan yi? (Wata uwa daga Mabera)

Amsa: 'Yar'uwa, tsoron da Inna take yi na ƙaya gaskiya ne, sai dai maganinsa a turmi yake, ba a jiran haƙora ba. Daga wata shida nonon uwa kaɗai ba ya isar wa yaro da sinadarin ƙarfe da ke ƙara jini da zinki da ke sa girma, kokon gero tsararo kuma ruwa ne da ɗan sitaci. Cikin jariri ƙarami ne. In koko ya cika shi, babu wurin wani abu. Wannan shi ne yawanci dalilin da ya sa yaro ke ci amma awonsa ya tsaya.

Ki yi masa garin kifi. Ki sayi ƙananan busassun kifi, 'yan mitsi-mitsin nan da ake aunawa, waɗanda ba a busar da gishiri ba. Su muka fi so a kan babban kifi, domin ana daka su har ƙashi da kai, a nan kuwa kalsiyam yake, mai gina ƙashi da haƙori. Ki ɗebi cikin gwangwanin madara biyu, ki tsince tsakuwa da ƙwari, ki cire kayan ciki ga waɗanda suka ɗan girma. Ki wanke su da ruwan ɗumi sau biyu da hanzari don yashi ya fita, kada ki jiƙa su. Ki tsane a kwando, ki baza a faranti, ki rufa da mayafi mai shara-shara saboda ƙuda, ki shanya har su bushe. Sai ki zuba a kasko ba mai, wuta kaɗan-kaɗan, kina juyawa minti 10 zuwa 15, har in kin karya ɗaya ya ce ƙaras. In sun huce ki daka, ki tankaɗe da rariyar laushi, abin da ya rage ki sake dakawa. Wanda ya ƙi wucewa a karo na biyu a zuba shi a miyar manya. Ki murza garin tsakanin yatsu. In kin ji abu mai tsini, ki sake tankaɗewa.

Ki adana a busasshiyar kwalba mai murfi, ki riƙa ɗiba da busasshen cokali. Kada ki yi wanda zai wuce mako biyu, da damina ma mako ɗaya. Kuskuren da aka fi yi shi ne daka kifin da bai gama bushewa ba, ko rufe garin da sauran zafi. Gumi ya taru a kwalba, kwana kaɗan ya dunƙule ya yi fumfuna.

Ki fara da rabin ƙaramin cokali a rana har kwana uku, kina lura da fatarsa da bayan gidansa. In babu ƙuraje ko kumburin leɓe ko amai, ki ƙara zuwa ƙaramin cokali ɗaya ko biyu, daga wata tara kuma babban cokali ɗaya a yini. Babban cokali cike ya kai giram 10, yana ba da furotin giram 5 zuwa 6, kusan rabin abin da yaro mai wannan watanni yake buƙata. A zuba garin kifin a kunu yana kan wuta, su tafasa tare minti biyar. Kunun ya yi kaurin da zai zauna a cokali, a ƙara ƙaramin cokali na man gyaɗa ko manja, ba gishiri ba dunƙule. A ba shi kunun sau biyu zuwa uku a yini yanzu, sau uku zuwa huɗu daga wata tara, nono kuma ya ci gaba. In kika haɗa da dakakken zogale ko alayyafo ya fi, domin kifi yana taimaka wa hanji ya tsotsi ƙarfen da ke cikin ganye. Ki kai shi awo kowane wata, in nauyin bai motsa ba ki sanar da ma'aikatan asibiti.

Tambaya: Da gaske ne wanda ya ci kifi ya sha fura da nono zai kamu da kuturta ko farar fata? (Wata ɗaliba daga Wurno)

Amsa: Ba gaskiya ba ne, ɗiyata. Kuturta ƙwayar cuta ce ke kawo ta, ana ɗaukarta ta numfashi bayan doguwar cuɗanya da wanda bai sha magani ba, kuma tana warkewa da magungunan da ake bayarwa kyauta. Asibitin Amanawa da ke jihar Sakkwato ya daɗe yana wannan aiki. Farar fata kuma garkuwar jiki ce ke lalata ƙwayoyin da ke ba fata launi. Babu ruwan abinci a duka biyun. In ciki ya ɓaci bayan an haɗa su, a duba kifin da ya kwana ko nonon da aka dama da ruwa marar tsabta.

Tambaya: Mun ci titus da dare, ba a yi rabin awa ba ni da yarana biyu fuskarmu ta yi zafi, jiki ya hau ƙaiƙayi, kai na sarawa. Alhali mun saba ci. Jininmu ne ya daina karɓarsa? (Wata matar aure daga Runjin Sambo)

Amsa: Hajiya, yadda ya kama mutum uku lokaci ɗaya ya nuna laifin kifin ne. Wanda jikinsa ba ya karɓar kifi shi kaɗai yake tashi da borin jini, kuma duk sanda ya ci sai ya maimaita. Abin da ya same ku ya fi kama da gubar histamin. Titus da shawa da danginsu suna da wani sinadari a tsokarsu wanda ƙwayoyin cuta ke juyawa zuwa histamin da zarar kifin ya bar sanyi. A garin da zafi ke haura digiri 40 a watan Afrilu, ga ɗauke wuta, katan ɗin kifi yana iya narkewa ya sake daskarewa sau da yawa kafin ya iso tire. Abin takaicin shi ne suya da dafuwa ba sa kashe histamin, kuma kifin ba lallai ya yi wari ba. Wani lokaci yaji-yaji kawai za a ji a harshe. Yawanci yana lafawa cikin awowi, maganin ƙaiƙayi irin Piriton yana taimakawa. Amma in numfashi ya yi wuya, ko harshe ya kumbura, ko jiri ya kayar da mutum, a nufi asibiti nan take.

Wajen saye, ki je da safe, ki zaɓi wanda yake tauri kamar itace. Ki guji wanda cikinsa ya fashe, ko tsokarsa ta lotsa in an danna, ko wanda ƙanƙarar jikinsa ta haɗu da jini, alamar ya taɓa narkewa ke nan. A gida kada a ajiye shi a rana don ya saki. A sa shi a leda a tsoma a ruwan sanyi, ana sauya ruwan kowane minti 30, da ya saki a dafa. Wanda ya narke kada a mayar da shi firiza.

Tambaya: Ana cewa wasu na fesa wa kifin banda maganin ƙwari. Yaya zan gane, kuma wankewa na fitar da shi? (Mai sayar da abinci, Kasuwar Daji)

Amsa: Ana yi, Malama, kuma hukumar NAFDAC mai kula da ingancin abinci da magunguna ta sha gargaɗi a kai. Banda yana jawo ƙwaro mai cinye tsoka ya bar fata da ƙashi, sai wasu su nemi sauƙi su yayyafa piya-piya da makamantansa. Ki shinshina: banda mai kyau ƙamshin hayaƙin itace yake yi, mai magani kuwa yana da wari-wari kamar na kalanzir ko fenti, musamman in kin ɓare cikinsa. Tulin kifin da ƙuda ko ɗaya bai sauka a kai ba, alhali na maƙwabta sun cika da su, abin zargi ne, ko da yake wannan kaɗai ba hujja ba ce. Wanka da ruwan zafi yana fitar da yashi da ƙwari da na saman fata, amma ba ya ciro wanda ya ratsa tsoka. In kin ji warin, ki bar shi, ko da an yi miki rangwame.

Alamomin wannan guba su ne dalalar miyau, zufa, amai, zawo da sarƙewar numfashi. Kada a tsaya ɗura manja ko madara, asibiti za a garzaya.

Mai fumfuna, fari ko kore, shi ma a zubar. Wanda ya yi baƙi ƙirin yana warin roba, an banda shi da taya ko leda ne, hayaƙinsu kuma yana barin sinadaran da ke da alaƙa da ciwon daji. Ajiya ba tare da guba ba mai yiwuwa ce: a sa a kwando mai shan iska, a rataye nesa da ƙasa, kada a ƙulle a leda, a riƙa mayar da shi kan waya bisa garwashi ko a baza a rana bayan kwana uku-uku.

Tambaya: Ina da cikin wata biyar, an ce in guji kifi saboda zaiba. Sannan ƙaya ta taɓa maƙale mini, tun daga nan nake tsoro. (Wata mai juna biyu daga Arkilla)

Amsa: Allah ya raba lafiya. Kada ki guje shi. Omega-3 yana cikin abin da ƙwaƙwalwa da idon ɗan tayi ke ginuwa da shi, musamman a watanni ukun ƙarshe. Ki ci sau biyu zuwa uku a mako, jimilla giram 225 zuwa 340, dafaffe sosai. Zaiba, wato wani ƙarfe mai guba, tana taruwa ne a manyan kifaye masu cin 'yan'uwansu da suka daɗe a ruwa, don haka ki rage ƙatuwar giwan ruwa, ki kuma guji kifin kududdufan da ke kusa da inda ake wanke zinariya, domin ana amfani da zaiba a wurin. Sadin, shawa, titus, karfasa da tarwaɗa ba su da matsala. Talibambam kam ba na ci ba ne ga kowa, yana da guba.

Game da ƙaya, kada a haɗiyi lomar tuwo don a tura ta, hakan na iya ƙara soka ta cikin maƙogwaro. A yi tari a hankali, a kurɓi ruwa. In ana ganin ta a ganda ko bayan harshe, ma'aikacin lafiya zai cire da hantsaki cikin minti kaɗan. In zafin haɗiya ya ci gaba, ko miyau ya ƙi wucewa, ko aka ga jini, ko ciwon ya sauka ƙirji, a je sashen kunne da hanci da maƙogwaro, kamar na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo da ke Sakkwato, a ranar ba sai gobe ba. Titus da tarwaɗa ƙayarsu manya ce mai sauƙin zarewa. Shawa ce mai ƙananan ƙayoyi birjik, ita a ci ta da rana, a zaune, ana tsincewa da hannu.